Ta'aliƙi a kan Fasalin Jangali da Kamuwa cikin Kitabul Farƙi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya saukar da ma'auni domin mutane su tsayu da adalci. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, ya kai ɗalibi mai neman fahimta, wannan ta'aliƙi ne da na rubuta a garin Timiya cikin ƙasar Abzin a kan wuri ɗaya na Kitabul Farƙi, littafin da aka sani da sunan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya jiƙansa, wanda ya rarrabe tsakanin mulkin Musulunci da mulkin da ba shi ba. Wurin shi ne inda ya lissafa kuɗaɗen da sarakunan Hausa ke ɗora wa talakawa. Kwafin da muke karantarwa da shi yana da fassarar ajami a gefen shafi, kuma mai kwafin ya taƙaita fasalin duka da cewa duk abin da sarki ya karɓa bayan zakka haramun ne. Ɗalibai suna hardace wannan taƙaitawa su wuce. Ni kuwa ina ganin ta rufe musu ƙofar da fasalin ya buɗe. Abin da nake so in tabbatar shi ne cewa Shehu ya ambaci sunayen cututtuka, bai tsaya bayanin yadda kowace ke kama jiki ba, kuma wanda ya riƙe suna ya bar illa ba zai gane cutar ba idan ta dawo masa da wani suna. Ta kuwa dawo, a Kano da nan Abzin.

Fasali na farko: abin da littafin ya kawo da kyawunsa

Ka sani littafin da Larabci aka rubuta shi, amma da mai shi ya zo kan waɗannan kuɗaɗe sai ya kira su da sunayensu na Hausa: jangali, da kurɗin gari, da kurɗin salla, da gaisuwa da ake kai wa masu mulki, da tawasa da ake ɗiba daga naman mahauta a kasuwa, da gargaɗi na fita yaƙi wanda ake cin tarar wanda bai fita ba, da gado da sarki ke ci daga dukiyar mamaci, da kamuwa, wato kama dabbobin dakon mutane ba da izininsu ba domin su ɗauki kayan sarki. Za ka ga an rubuta kurɗi da harafin ra, kuma haka ake faɗinsa a da, har yanzu ma haka mutanen yamma ke faɗi, kada ka ɗauka kuskuren alƙalami ne.

Wannan shi ne babban kyawun fasalin. Malamai da yawa kafin shi sun yi magana a kan makasu da kalmomin littattafan gabas, sarki ya saurara ya gyaɗa kai, domin bai ji an ambaci abin da ke shiga taskarsa ba. Shehu ya faɗi sunan da makiyayi da mahauci suka sani, babu sauran wurin ɓuya. Ya bi sawun waɗanda suka yi wa sarakunan ƙasashen nan nasiha tun da, kamar Magili wanda ya ratsa Abzin ya je Kano ya rubuta wa Muhammadu Rumfa, da Suyuɗi wanda ya aiko wa sarakunan Agadas da Katsina wasiƙa daga Masar. Shi kansa Shehu ya taka ƙasar nan, ya zo Agadas yana bin malaminsa Jibrilu ɗan Umaru. Saboda haka mu mutanen Abzin muna da haƙƙi a cikin littafin, muna kuma da haƙƙin auna shi.

Kyau na biyu shi ne bai tsaya kan zargi kawai ba. Ya kawo mashigai bakwai na baitulmali, ya kuma sa mai karɓar haraji cikin ginshiƙai huɗu na mulki tare da waziri da alƙali da shugaban ƴan doka, da sharaɗin ya cika aikinsa kada ya zalunci talakawa. Mai kwafinmu bai yi wa wannan wuri fassara ko ɗaya ba, alhali shi ne ya nuna Shehu ya san mulki ba ya tsayuwa sai da dukiya.

Fasali na biyu: inda littafin ya gajarta

Hujjar da fasalin ya dogara a kanta ɗaya ce, cewa shari'a ba ta ɗora waɗannan kuɗaɗe ba. Hujja ce ingantacciya, ta kuma isa ga mai tsoron Allah. Sai dai ba ta amsa tambayar da za ta fuskanci sabbin sarakuna ba: idan mashigai bakwai ba su ishi dawakai da ganuwa da alƙalai ba, me za a yi? Wasu daga cikin mashigan, kamar humusi da fai'i, a kan yaƙi suke rataye. Yaƙi kuwa ba gona ba ne da ake girbe ta kowace kaka. Idan ganima ta ragu, ko dai sarki ya nemi wanda zai kai wa hari domin cika taska, ko ya waiwayo kan talakawansa.

Dubi abin da ya faru. An yi hijira zuwa Gudu a 1804, Alƙalawa ta faɗi a 1808, Shehu ya rasu a 1817. Tun ana cikin yaƙi ɗan'uwansa Abdullahi ya ga zukata sun karkata ga duniya, ya bar rundunar ya nufi gabas, ya tsaya a Kano ya rubuta musu Liya'ul Hukkami. Sa'an nan Bature matafiyi Barth, wanda ya ratsa Abzin a 1850 ya isa Kano a 1851, ya tarar ana karɓar kuɗin ƙasa wuri 2,500 a kan kowane mai gida, da wuri 700 a kan kowace karofi ta masu rini, da wuri 600 a kan kowane itacen dabino, da kuɗin rafi a kan kayan lambu. Jangali ma bai mutu ba. Shekara talatin da huɗu ke nan kacal bayan rasuwar Shehu, a ƙarƙashin sarakunan da ke riƙe da tutarsa.

Ban kawo wannan domin aibata kowa ba, Allah ya san niyyar bayinsa. Littafin taƙaitacce ne, an rubuta shi domin farkar da mutane, kuma ba a neman bayanin Mudawwana a cikin Ahalari. Aibin yana ga mai karatun da ya mai da taƙaitaccen littafi ƙarshen ilimi. Kurɗin gari ya koma kuɗin ƙasa aka kira shi haraji, sunan da ke cikin littattafan fiƙihu, sai bakin malamai da yawa ya mutu. Da an koya wa ɗalibai illar da ta sa kurɗin gari ya zama zalunci, da sun tambayi sabon sunan ko illar tana nan.

Fasali na uku: illar tana bayyana idan aka auna da zakka

Hanya mafi sauƙi ta gane abin da ya ɓaci a jangali ita ce ka jera shi kusa da babin zakka na Risala da Muhtasar, ka duba kowane sharaɗi ka tambayi kanka ɓarnar da yake tarewa.

Na farko nisabi. Mai raƙuma huɗu ba a karɓar kome gare shi, sai sun kai biyar sa'an nan ya ba da tunkiya ko akuya ɗaya. Tumaki da awaki sai sun kai 40, shanu sai 30, hatsi da dabino sai ausuƙi biyar. Jangali kuwa a kan kai yake, mai saniya biyu yana biya kamar yadda mai ɗari ke biya a kan kowane kai, alhali saniya biyun nan nonon ƴaƴansa ne. Idan ya sayar da ɗaya domin ya biya, baɗi ya zama mai saniya ɗaya, bayan baɗi ya zama mai roƙo, taska kuma ta yi hasarar mai biya har abada.

Na biyu jinsin abin da ake karɓa. Har raƙuma 24 da ƙananan dabbobi ake biya, ɗaya a kan kowane biyar, sai a 25 ake karɓar ƴar taguwa, domin kada a karya garke tun yana ƙarami. An hana sa'i ɗaukar zaɓaɓɓun dabbobi, kamar mai ciki da mai shayarwa da namijin da ke barbara. Wanda ya ɗauki waɗannan ya ci zakkar shekaru masu zuwa a shekara ɗaya.

Na uku wahala. Abin da ruwan sama ya shayar ushira ne, abin da aka shayar da guga da dabba rabin ushira. Kowane yaron Timiya da ya yini yana kora raƙumi ko sa a bakin rijiyar garka ya san dalilin wannan ba sai an fassara masa ba. Da an daidaita su, da mai garka ya ga wahalarsa ba ta biya, ya bar rijiya ta rushe.

Na huɗu lokaci. Malamanmu na Malikiyya sun ce sa'i ya fita lokacin da Kaza da ƴaƴanta ke fitowa da asuba, sa'ad da dabbobi ke taruwa a bakin ruwa, shi ne zai je musu, ba za a koro su zuwa gare shi ba. Idan an yi kirdadon dabino a kan itace sa'an nan annoba ta faɗa masa, ana lura da ita. Sayyidina Umaru kuma, Allah ya yarda da shi, an ruwaito ya jinkirta karɓar zakka a shekarar yunwa da ake kira ta toka.

Na biyar, shari'a ta san mutum zai yi dabara. Mutum biyu kowane da tumaki 40, idan a rabe suke tunkiya biyu ce a kansu, idan suka gama garke ya zama 80 sai ɗaya. Abokan tarayya biyu kowane da 101, a game uku ce a kansu, a rabe biyu. Saboda haka aka hana gamawa da rabawa domin gudun zakka, aka kuma hana sa'i yin irin wannan domin ya ƙara. Ka lura, hanin ya hau kan mai biya da mai karɓa baki ɗaya. Wannan ya nuna maka cewa duban abin da doka za ta haifar a halin mutane yana cikin fiƙihu tun asali, ba baƙon ilimi ba ne da Turawa suka kawo.

To, illar jangali da ƴan'uwansa ke nan: ba su da nisabi, ba su duban shekara ta yi kyau ko ta ɓaci, ba su da iyakar da mai biya ya sani, kuma mai karɓa yana da rabo a cikin abin da ya tatsa. Duk kuɗin da ya tara waɗannan siffofi jangali ne ko da an rubuta shi da tawadar zinariya.

Fasali na huɗu: kamuwa, da abin da ta jawo wa Abzin

A cikin sunayen nan babu wanda ya shafe mu kamar kamuwa, mai kwafinmu kuwa kalma biyu ya ba ta. Ga mutumin Abzin raƙumi shi ne gona. Kel Away na Timiya da maƙwabtansu suna ɗaukar gero su ƙetare Tenere zuwa Fashi da Bilma, su sayo kantun gishiri da dabino, su gangara da su Damargu da Damagaram da Kano, su komo da hatsi da tufafi. Tsaunukanmu ba su taɓa ciyar da mutanensu da noma kaɗai ba. Wanda ya kama raƙumin mutum wata uku a lokacin ayari ya ɗauke masa abincin shekara, ko da ya mayar masa da raƙumin da rai, balle sau da yawa ƙashi da fata ke dawowa, ko labari.

Faransawa sun zauna Agadas daga 1906. Suka sa lanho, suka kuma riƙa kama raƙuma domin dakon kayan sojansu. Abin ya yi tsanani a 1913 da 1914 lokacin da suka tura runduna zuwa Tibasti, a daidai shekarun fari da yunwar da ta game ƙasar Hausa da Abzin. A lissafin kumandan wannan dako ne mai arha. Bai sa a lissafinsa ba cewa raƙumin da ya mutu a hanyar Tibasti shi ne wanda zai kawo geron Damargu, kuma mutumin da aka raba da abin hawansa da abincinsa ba ya da sauran abin da yake tsoron rasawa.

A watan Disamba na 1916 Kawusan ya iso Agadas da bindigogi daga wajen Sanusiyya, Sarkin Abzin Tagama ya goya masa baya, suka tsare Faransawa cikin barikinsu har farkon Maris na 1917 da taimako ya zo musu daga Damagaram. Yaƙin yana da dalilai da yawa, akwai kishin addini, akwai babban yaƙin Turawa da ya raba hankalinsu. Amma abin da ya sa talakan Abzin ya amsa kira da sauri shi ne abin da ya gani a garkensa. Abin da ya biyo baya kowa ya ji daga kakanninsa: an kashe malamai a Agadas, an kwashe dabbobi, an kori mutane daga tsaunuka zuwa kudu, wasu suka watsu har ƙasar Kano. An kashe Kawusan a Murzuƙ a 1919, Tagama ya mutu a kurkuku a 1920. Su kansu masu kamuwa suka wayi gari da ƙasar da babu raƙuman kamawa, babu masu biyan lanho, ga kuɗin yaƙi da ya ninka abin da suka so su tsimi. Shehu ya ambaci kamuwa a layi ɗaya, sharhinta kuwa ƙasarmu ce ta rubuta shi da jininta.

Fasali na biyar: kuɗin kai da gudu

Kurɗin gari ya dawo a zamanin Turawa da siffar kuɗin kai, wanda mutanenmu ke kira lanho ko karo. Ana ƙidaya mutanen gari, a yanka wa garin jimla, a ɗora wa mai gari ya kawo ta, a ba shi wani kaso ladan tarawa. Ƙidaya kuwa ba kowace shekara ake sabunta ta ba. Wanda ya mutu ko ya yi ƙaura yana nan a takarda, rabonsa ya faɗo kan waɗanda suka saura. Nauyi ya ƙaru, wasu su ƙara gudu, nauyi ya sake ƙaruwa a kan ragowar. Da yake kuma da kuɗin Bature ake biya, ba da hatsi ba, sai kowa ya kai geronsa kasuwa a lokaci guda da kaka, farashi ya faɗi, da bazara ya sayo shi da tsada ko ya ci bashi. Mutane da yawa na kudancin Nijar suka tsallaka ƙasar Ingilishi inda nauyin lanho da aikin dole ya fi sauƙi, aikin dolen nan kuwa Faransa ba ta soke shi ba sai 1946. Wata ɓarnar da ta fi daɗewa ita ce mutane suka koyi ɓoye ƴaƴansu da dabbobinsu ga duk mai riƙe da takarda, har ya zama idan mai allurar dabbobi ko mai rubuta yara makaranta ya zo, sai a ɗauke shi ɗan leƙen asirin mai lanho. Mai gari kuma, wanda a da uban gari ne, ya koma abin gudu.

Magabata sun ga irin wannan. A zamanin Hajjaju mutanen ƙauyukan Iraƙi suna musulunta suna komawa birane, kuɗin taska ya ragu, sai aka mai da su ƙauyuka aka ci gaba da karɓar jiziya gare su. Dubi yadda tsarin kuɗi ya sa gwamnan Musulmi ya ƙi jinin mutane su musulunta, har Umaru ɗan Abdul'azizu ya zo ya kawar da wannan. Kafin haka Sayyidina Umaru ya ga Banu Taglib, Larabawa Nasara, za su koma ƙasar Rum saboda ƙyamar sunan jiziya, sai ya yi sulhu da su a kan ninkin sadaka, ya riƙe mutanen. Alƙali Abu Yusufa a littafin Haraji da ya rubuta wa Haruna Rashid ya zaɓi a karɓi kaso daga abin da gona ta bayar a kan a yanka mata adadi tsayayye, ya kuma yi gargaɗi mai tsanani a kan ba da jingar haraji, domin ɗan jinga ba ya duban kome sai ribarsa. Ibnu Haldun, wanda ya rasu a 808 bayan hijira, ya bayyana a Muƙaddima cewa daula a farkonta tana ɗora kaɗan ta tara da yawa, a tsufanta tana ɗora da yawa ta tara kaɗan, domin mai noma da mai fatauci suna janye hannu idan suka ga ribar ba tasu ba ce. Waɗannan su ne ya kamata a rubuta a gefen wannan fasali.

Mas'ala: wane ne ke biya a haƙiƙa?

Ɗalibai sukan ce kuɗin da ake karɓa a hannun attajiri bai shafi talaka ba. Auna da albasarmu. Mai mota ya ɗauki buhuna daga garakan Abzin zuwa Agadas, daga can zuwa kudu. Duk abin da ya biya a kan buhu a hanya, na takarda da wanda ba na takarda ba, yana cikin lissafinsa tun kafin ya yi ciniki. A kasuwar kudu ba ya iya ƙara farashi yadda ya so, domin albasar Galmi tana nan tana jiransa. Sai ya rage daga abin da zai ba mai garka, wanda albasarsa ba ta jira, kuma ba ya da wata mota. Hannun mai mota ne ya miƙa kuɗin, aljihun mai garka ne ya yi rami. Ƙa'idar ita ce nauyi yana gangarawa ya zauna a kan wanda ba ya da wurin kaucewa.

Haka kuɗin dabinon da aka gani a Kano. Zakkar dabino a kan ƴaƴa take, idan itace bai yi ba babu kome. Kuɗin da aka ɗora a kan itacen kansa kuwa yana cewa da mai garka kada ka dasa, domin dabino yana shekaru kafin ya haihu. An yi irin wannan a Ingila, inda aka sa haraji a kan yawan tagogin gida daga 1696 har 1851, mutane suka riƙa toshe tagoginsu suna zama cikin duhu.

Idan ka ce: to, ashe maganar mai kwafi ta tabbata, a soke kome a bar zakka.

Sai in ce maka zakka tana da masu ita guda takwas da aka ambata a Suratut Tauba, kuma malamanmu ba su yarda a gina hanya ko ganuwa da ita ba. Rijiyar gari da hanyar da ke kai mai naƙuda asibitin Agadas suna bukatar wata dukiya. Gazali da Shaɗibi sun halatta shugaba ya ɗora wa mawadata wani abu idan baitulmali ya ƙare, da sharuɗɗa: bukata ta zama ta gaskiya, shugaba ya zama adali, a karɓa gwargwadon bukata, a kashe a inda aka ce, a daina idan bukata ta wuce. Lokacin da Tatar suka doso Masar a 658 bayan hijira, Sarki Ƙuɗuzu ya so ya karɓi kuɗi ga jama'a, Izzuddini ɗan Abdussalami ya ce sai an fara da abin da ke baitulmali da kayan adon da ke hannun sarakunan yaƙi. Wannan ita ce fatawar da ta dace da ruhin Kitabul Farƙi.

Sokewa ma tana da nata abin da take haifarwa. A ƙarshen shekarun 1970 gwamnatin Seyni Kunce ta ɗauke wa talakawan Nijar babban kuɗin kai, domin kuɗin ƙarfen uraniyom na Arlit yana shigowa. A 1979 gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali. Talakawa sun yi murna, kuma sun yi gaskiya, domin an sauke musu kaya mai siffofin nan da muka lissafa. Sai dai hukumar da ke ci daga ramin ma'adini ko rijiyar man fetur ba ta da bukatar garken makiyayi ya yi yawa, ba ta kuma da bukatar ta zo ta tambaye shi. Da farashin uraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, taska ta ƙuntata, ayyuka suka tsaya, nauyi ya komo ta ƙofofin kasuwa da hanya inda ba a ganinsa sosai. Mai biyan abu sananne yana da bakin tambayar inda aka kai shi. Wanda ake tatsa a ɓoye bai ma san zai yi tambaya ba.

Kammalawa

Hukuncina a kan wannan fasali shi ne ingantacce ne a abin da ya faɗa, gajere ne a abin da ɗalibin yau ke bukata, fassarar gefen kuwa ta ƙara masa gajarta. Ina yi wa mai karantar da shi wasiyya kada ya wuce wurin sai ya buɗe babin zakka tare da shi, ya sa ɗalibai su auna duk kuɗin da ake karɓa a garinsu da tambayoyi biyar: yana da nisabin da ke kare matalauci? Yana raguwa idan shekara ta ɓaci? Mai biya ya san iyakarsa tun kafin mai karɓa ya zo? Mai karɓa yana da rabo a ciki? An san inda ake kai shi? Abin da ya tsallake waɗannan, a biya shi da zuciya ɗaya, kuma ɓoye dukiya gare shi cin amanar maƙwabci ne wanda nauyin zai faɗa wa. Abin da ya faɗi a kansu, wajibin malami ne ya kira shi da sunan da mutane suka sani, a gaban mai mulki, da ladabi da hujja, kamar yadda Shehu ya yi. Wanda kuma Allah ya jarrabe shi da aikin karɓa daga cikinku, ya tuna an lissafa shi cikin ginshiƙan mulki, kuma ginshiƙi idan ya karkata ɗaki duka ke faɗuwa.

Allah ne mafi sani. Ya Allah ka ba shugabanninmu tausayin talakawansu, ka ba talakawa gaskiya a abin da ke kansu, ka sa albarka a garakanmu da garkunanmu, ka jiƙan malamanmu da iyayenmu da waɗanda suka rasu a fitinar Abzin. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Amin.